Tambayi Kawu: Yadda "Wannabe" ta Spice Girls ta yi mako bakwai a saman jadawalin Birtaniya

Tun da bakina ya suɓuce a fitowar da ta gabata na ce na taɓa tsaron kantin faifai a Landan lokacin ina ɗalibi, saƙonni suka yi ta shigowa. Na zaci a kan manyan mawaƙan da nake ji da su za a tambaye ni. Ina! Kusan rabin saƙonnin a kan waƙa guda suke, "Wannabe" ta Spice Girls, ƙungiyar mawaƙa mata biyar ta Birtaniya, waƙar da ni da bakina na ce ba za ta kai ko'ina ba ranar da ta iso kantinmu. Alhakinta ne ya biyo ni. Ga waɗanda na tsamo, na rage tsawon wasu.

Kawu, barka da aiki. Wai da gaske ne ta tallar jarida aka haɗa Spice Girls? In haka ne ai yaudara ce, tunda waƙar tasu a kan ƙawance take, su kuma ba ƙawaye ba ne, ma'aikata ne aka ɗauka.
*Daga wata ɗaliba mai karatun aikin jarida*

Barka kadai, 'yata. Rabin maganarki gaskiya ne, sauran rabin sai mun zauna.

Talla kam an buga. A farkon 1994 wani mutum mai suna Bob Herbert da ɗansa Chris, masu wani ƙaramin kamfanin kula da mawaƙa da ake kira Heart Management, suka sa cigiya a jaridar The Stage, wadda mawaƙa da 'yan wasan daɓe ke neman aiki a cikinta. 'Yan mata suke so masu shekara 18 zuwa 23, waɗanda suka iya waƙa da rawa, kuma idonsu a buɗe yake. A lokacin ƙungiyoyin samari ne ke cin kasuwa, irin su Take That da East 17, kuma abin da manyan harkar suka haƙiƙance shi ne yarinya ba za ta fitar da ɗan kuɗin kashewarta ta sayi faifan 'yan mata irinta ba, sai dai na samarin da take liƙa hotonsu a bangon ɗaki. Su Herbert suka ce bari a gwada a gani. Mata wajen 400 suka hallara a wani ɗakin rawa a Landan cikin watan Maris, aka yi ta tankaɗe da rairaya har aka rage biyar, aka raɗa musu suna Touch, kafin daga baya su zama Spice Girls. Ɗaya ta bar tafiyar tun ba a je ko'ina ba, aka kawo Emma Bunton ta cike gurbin. Geri Halliwell ma ba ta zo gwajin farko ba, da bakinta ta sama wa kanta wuri a zagaye na gaba. Wanda ya san halinta daga baya ba zai yi mamaki ba.

Aka zuba su a gida ɗaya a Maidenhead, yamma da Landan, suna koyon waƙa da rawa wata da watanni. Ba garinsu ɗaya ba: Melanie Brown daga Leeds, Melanie Chisholm daga Widnes kusa da Liverpool, Geri daga Watford, Victoria Adams daga Hertfordshire, Emma kuma daga arewacin Landan. Kuɗin kirki babu, suna kuwa ba wanda ya san shi.

Inda labarin ya juya shi ne nan. Masu gidan ba su sa su sun rattaba hannu a kan kwantiragi ba tun farko, suna ganin ai ba inda za su je. A watan Disamba na 1994 aka shirya musu wasan nuni a sutudiyon Nomis da ke Shepherd's Bush, aka gayyato marubuta waƙa da furodusoshi. 'Yan matan suka ga yadda mutane suka yi caa a kansu, suka gane ashe suna da daraja. Da aka kawo musu takardar kwantiragi sai suka yi ta jan ƙafa. A watan Maris na 1995 suka cika wa rigarsu iska, kuma ba hannu rabbana suka tafi ba, sun yi gaba da kaset ɗin da aka naɗi waƙoƙinsu a ciki. Geri da Melanie Brown suka tuƙa mota har Sheffield neman wani marubucin waƙa, Eliot Kennedy, wanda aka riga aka shirya za su yi aiki da shi amma ba su san gidansa ba. Ta littafin lambobin waya suka gano shi. Daga nan su da kansu suka zaɓi sabon manaja, Simon Fuller, mai kula da Annie Lennox a lokacin, wanda daga baya ya ƙirƙiro shirin Pop Idol. A watan Yuli na 1995 suka sa hannu da kamfanin faifai na Virgin.

To kin gani. Ma'aikacin da aka ɗauka ba ya korar mai gida ya tafi da kayan aiki. Kuma in kika ce duk waɗanda takarda ta haɗa ba ƙawaye ba ne, 'yata, ki duba aminanki na makaranta, su ma ai takardar shiga ce ta tara ku. Sun yi faɗa daga baya, Geri ta fice a ƙarshen Mayun 1998, amma lokacin da suke rubuta wannan waƙa sun fi wata shida suna cin abinci a tukunya ɗaya suna rigima a kan banɗaki ɗaya.

Kawu, ni ɗan sutudiyo ne, ina haɗa kiɗa. Na ji an ce cikin minti 30 aka rubuta "Wannabe". Ni kuwa sai in kwana uku a kan amshi ɗaya. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?
*Daga wani matashi mai haɗa kiɗa*

Ɗana, waɗanda suka yi aikin haka suka faɗa, kuma na yarda da su. Amma kada wannan minti 30 ɗin ya karya maka gwiwa, don ba a gaya maka abin da ya biyo baya ba.

Mutum biyu suka zauna da su, Richard Stannard, wanda ake kira Biff, da abokin aikinsa Matt Rowe. Stannard ya riga ya yi aiki da East 17. Ranar wancan wasan nuni na Nomis ba don su ya je ba, wani mawaƙin ya je gani, sai ƙarajin Melanie Brown a baranda ya ja shi ya leƙa. A watan Janairu na 1995 suka shiga sutudiyon Strongroom da ke Shoreditch a gabashin Landan. Aka kunna bugun ganga mai maimaita kansa a na'urar MPC3000, mai sauri, 'yan matan suka hau kai kowa na jefa abin da ya zo bakinta, wannan ta yi baiti, waccan ta yi ihu, wata ta kawo wata kalmar da ba ta cikin ƙamus. Ba su damu da ina baiti ya ƙare ina amshi ya fara ba. Aikin furodusoshin shi ne tsince wannan tarkace a ɗinke shi ya zama riga. A wannan zaman aikin ne kuma aka rubuta "2 Become 1", wadda ta zama lamba ɗaya ta Kirsimetin 1996.

Tunda sana'arka ce, saurari ginin waƙar da kunnen aiki. Ba ta kai minti uku ba. Da takun ƙafa da dariya take farawa, sai kira da amsa tsakanin murya biyu, kan wani ɗan bugun fiyano mai tsalle-tsalle wanda ba ya barinka sai ƙarshe. Baitin ba na mutum ɗaya ba ne, layi-layi ake miƙa shi daga baki zuwa baki. Kafin ka gama sabawa da ƙugiya ɗaya, wato guntun karin da ke maƙale maka a kai, an jefo maka wata. Can kusa da ƙarshe akwai 'yar gambara da ake bin 'yan ƙungiyar ana wasa kowace, tamkar kirari. Wato waƙar da kanta ce ke gabatar maka da masu ita. A waƙar farko ta ƙungiyar da ba a sani ba, wannan dabara ce babba, ko da gangan suka yi ko dace.

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa ba. Janairun 1995 aka rubuta ta, sai Yulin 1996 ta fito. Shekara ɗaya da rabi ke nan. A tsakani Virgin ba su gamsu da sautin ba, suka aika da ita Amurka wajen wani mai haɗa sauti, Dave Way, ya sassauta ta ya ba ta salon R&B da ake yayi. 'Yan matan suka ji suka ce Allah ya kiyaye. Sai aka ba Mark Stent, wanda ake kira Spike, mutumin da ya yi wa Massive Attack da Björk miksin, shi ya fitar da wadda duniya ta sani, muryoyin a gaba, kiɗan a tsuke. Bayan haka ma rigima ba ta ƙare ba. Manyan kamfanin sun fi son a fara da wata waƙar mai natsuwa, irin "Say You'll Be There", suna ganin "Wannabe" ta cika hayaniya. 'Yan matan suka kafe, ko ita ko a fasa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma a wannan karon yaran ne a bisa rimin, manyan kuma suna ofis.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka kwafa daga wurinsu. In ka duba bayan faifan, sunayen marubuta bakwai ne: su biyar da Stannard da Rowe. A dokar haƙƙin mallaka ta can, waƙa dukiya biyu ce. Akwai naɗin sautin, wanda galibi na kamfani ne, akwai kuma rubutun da karin, wanda na marubuta ne, kuma shi ne ke kawo kuɗi duk lokacin da rediyo ya sa ta ko wani ya sake rera ta. Ƙungiyoyi da yawa da aka haɗa irin tasu murya kawai suka bayar, da aka daina yayinsu suka tashi a tutar babu. Waɗannan sun tabbatar sunansu na kan takarda.

Malam, don Allah yaya ake sanin waƙa ta zama "lamba ɗaya" a Birtaniya? Wasu alƙalai ne ke zama su zaɓa? Kuma ba a sayen matsayin da kuɗi?
*Daga wata ma'aikaciyar banki*

Malama, wannan tambayar na fi jin daɗi, don a nan ne na ga abin da idona.

Ba alƙali ko ɗaya. Ƙidaya ce. Tun Nuwamban 1952 aka fara, lokacin da Percy Dickins na jaridar New Musical Express ya buga wa kantuna wajen 20 waya yana tambayar faifan da suka fi sayarwa. Al Martino ne ya fara zama na ɗaya. Zuwa 1996 abin ya zama na kwamfuta. Duk faifan da na ɗora a kan na'urar karanta lambar kaya ta yi ƙara, an ƙirga shi, kuma bayanan na tafiya wajen kamfanin Millward Brown da ke tattara alƙaluman ƙasa baki ɗaya. A lokacin makon ciniki daga Lahadi ne zuwa Asabar. Ranar Litinin sababbin faifai ke fitowa. Tsakiyar mako kamfanoni su sami alƙaluman wucin gadi, su san ko su yi murna ko su ƙara talla. Ranar Lahadi da yamma, daga ƙarfe 4 zuwa 7, Mark Goodier ya karanto 40 na sama a tashar BBC Radio 1, daga ƙasa yana hawa. Yawan sa waƙa a rediyo ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Abin da mutane suka zaro kuɗi suka saya, shi ke nan.

Sayen matsayi kuwa, an yi. A shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin kantuna 'yan kaɗan ne ake ɗaukar alƙalumansu kuma da hannu ake rubutawa, akan tura mutane su zagaya waɗannan kantuna suna sayen faifai ɗaya, ko a shafa wa mai kanti ya ƙara alƙalami. Shigowar kwamfuta a 1983 ta rage wannan sosai. Abin da ya rage a zamaninmu dabarun halal ne. A fitar da waƙa kala biyu a faifan sidi, kowanne da ƙarin waƙa ko hoto daban, don masoyi ya sayi duka biyun, ga kuma kaset. Dokar jadawalin a lokacin ta ƙayyade kala uku kawai ake ƙirgawa. A kuma karya farashi a makon farko, sidi ya zama fam 1.99, mako na biyu ya koma kusan ninki. A ba rediyo waƙar makonni kafin ta shiga kanti don mutane su ƙagu. Sakamakon haka yawancin waƙoƙin lokacin a makon farko suke kai ƙololuwarsu, sai su gangaro kamar dutse a rijiya.

Riƙe wannan a ranki, sai ki ji abin da "Wannabe" ta yi.

Ranar Litinin 8 ga Yuli 1996 ta fito, rana ɗaya da waƙar farko ta Gary Barlow shi kaɗai, "Forever Love". Take That sun watse a watan Fabrairu, Barlow kuma shi ne marubucinsu, kowa ya san nasa ne makon. Manajan kantinmu ya cika kanta da faifan Barlow, na 'yan matan ya ɗauko ɗan kaɗan ya ajiye a ƙasa-ƙasa. Ya tambaye ni ra'ayina, na ce hayaniyar 'yan makaranta ce, mako biyu an manta. Ranar Asabar kafin azahar babu ko ɗaya. Masu sayen kuwa ba su kai tsawon kantar ba, 'yan mata masu shekara takwas, goma, sha biyu, kowace da tsabobi a dunƙule a hannu, ta zube su a gabanka ta ce ka ƙirga. Kaset suke saye don ya fi araha. Wasu ko sunan waƙar ba su riƙe ba, sai su ce ta 'yan matan nan masu rawa a matattakala.

Matattakalar ita ce sirrin. An ɗauki bidiyon a watan Afrilu a tsohon otal ɗin Midland Grand da ke jikin tashar jirgin ƙasa ta St Pancras, wani ƙasaitaccen gini na zamanin Sarauniya Victoria wanda a lokacin rabonsa da karɓar baƙi tun 1935. Johan Camitz, ɗan ƙasar Suwidin mai shirya tallace-tallace, shi ya ba da umarni. Kyamara na bin su kamar ba a yanke ba daga farko har ƙarshe, sun kutsa liyafar masu hannu da shuni sun hargitsa ta sun fice sun hau bas. Virgin suka ce ya yi duhu, a sake. Suka ƙi, karo na uku ke nan da suka ƙi jin magana. Aka kai shi tashar talabijin ta The Box, wadda a lokacin masu kallo ke buga waya su zaɓi bidiyon da za a sa, yara suka yi ta bugawa tun makonni kafin faifan ya fito. Mu manya da ke sauraron rediyo muna karanta jaridun kiɗa ba mu san wainar da ake toyawa ba.

Ranar Lahadin farko Barlow ya zo na ɗaya, su suka shiga a na 3 da kwafi 73,000. Bisa al'ada daga nan sai gangara. Sai cinikinsu ya ƙaru. Ranar 21 ga Yuli suka ture Barlow, suka zauna mako bakwai cur, sai 8 ga Satumba Peter Andre ya karɓa da "Flava". Dubi waɗanda suka zo suka tsaya a na 2 a bayansu: Robbie Williams da waƙarsa ta farko bayan barin Take That, "Macarena" wadda ta yi mako 14 a saman jadawalin Amurka, da George Michael. Wato cikin 'yan makonni sun sauke tsohon ɗan Take That ɗaya sun tare wa wani hanya. Kafin shekara ta ƙare sun haura kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya, "Killing Me Softly" ta Fugees kaɗai ta fi su a 1996. Ba kamfanin da zai iya sayen mako bakwai. Kuɗin talla na iya kai ka na ɗaya sau ɗaya, mako na biyar kuwa sai in yarinya ta ji a gidan ƙawarta ta dawo ta matsa wa uwarta.

Yau lissafin ya canza. An fara ƙirga waƙoƙin da aka saya ta intanet a 2005, sauraro kai tsaye ta intanet kuma a Yulin 2014, sannan aka mayar da ranar sanarwa Juma'a a 2015.

Kawu, wace ce a cikinsu ba ta waƙa? Yayata ta ce matar Beckham baki kawai take motsawa.
*Daga wata 'yar sakandare*

Gaya wa yayarki ta rage kaɗan. Victoria tana cikin amshi, sai dai ita kaɗai ce ba ta da layin kanta a "Wannabe", saboda ba ta nan a yawancin zaman da aka rubuta ta, kafin ta iso an rabe baitoci. A wasu waƙoƙin nasu za ki ji ta ita kaɗai. Kuma lokacin ba matar kowa ba ce, sai 1999 ta auri David Beckham.

Laƙabin Posh da ake kiranta da shi, da Scary da Sporty da Baby da Ginger na sauran, ba su suka raɗa wa kansu ba, ba kuma kamfaninsu ba. Mujallar Top of the Pops ce, ƙarƙashin editanta Peter Loraine, ta ƙirƙiro su a 1996 don sauƙin rubutu, sauran jaridu suka ɗauka. A kanti na ga amfaninsu: yara biyar za su shigo tare, kowace ta riga ta zaɓi wadda ita ce.

Kawu, na ga an rubuta ta zama ta ɗaya a Birtaniya a 1996, a Amurka kuma 1997. Me ya jawo jinkirin?
*Daga wani direba mai son tsofaffin waƙoƙi*

A wancan zamani waƙa ba ta fita duniya rana ɗaya. Kowace ƙasa da reshen kamfaninta da ranar fitarwarta, kuma dole mawaƙa su je da ƙafarsu su zagaya gidajen rediyo da talabijin. Mutum biyar ba za su kasance a Tokyo da Landan da New York a mako ɗaya ba. Japan ma ta riga Birtaniya samun faifan da kusan mako biyu, a ƙarshen Yuni. Aka bi Turai da Asiya da Ostareliya, aka bar Amurka a ƙarshe, don ta fi kowace kasuwa girma da wuyar sha'ani, kuma gara ka je mata da shaidar nasara a hannu.

Jadawalin can, Billboard Hot 100, ba irin na Birtaniya ba ne. A wancan zamani yana haɗa ciniki da yawan sa waƙa a gidajen rediyo, don haka masu tsara shirye-shiryen rediyo na da ƙarfi ƙwarai. A lokacin kuwa R&B da gambara da kiɗan jita mai nauyi ne suka cika tashoshin, kuma manyan ƙungiyoyin Birtaniya sun sha zuwa su dawo ba yadda suka so ba. Take That duk tashensu waƙa ɗaya suka samu a goman farko a can. Oasis, waɗanda suka tara mutum 250,000 a dare biyu a Knebworth cikin Agustan 1996, ba su taɓa zama na ɗaya a Hot 100 ba.

"Wannabe" ta fito a Amurka a Janairun 1997, ta shiga a lamba 11. A jadawalin 22 ga Fabrairu ta hau na ɗaya, ta yi mako huɗu. Wadda ta sauke ita ce "Un-Break My Heart" ta Toni Braxton, bayan mako 11 tana sama, kuma in faɗa maka gaskiya abin ya yi mini ciwo, don ni ɗan gidan Toni Braxton ne. A wannan watan ne kuma waƙar ta ci kyautar Brit ta waƙar shekara a Landan. Jimilla ta zama ta ɗaya a ƙasashe 37, kundinsu na farko mai suna Spice kuma shi ya fi kowane kundi ciniki a Amurka a 1997.

Malam, da girmanka ka ɓata shafi a kan wannan? Na saurare ta, ban ji murya ba, ban ji ma'ana ba. Yawan masu saye ba ya mayar da shirme ya zama fasaha.
*Daga wani malamin makaranta mai ritaya*

Ranka ya daɗe, a kan jimlarka ta ƙarshe ba mu da saɓani. Jadawali ma'aunin ciniki ne na kwana bakwai, bai taɓa cewa shi ma'aunin kyau ba ne. "Vienna" ta Ultravox a na 2 ta tsaya a 1981, bayan wata waƙar barkwanci. In muryoyi kake nema, a cikin biyar ɗin Melanie Chisholm ce kaɗai zan iya tsayawa in kare a gaban kowa.

Amma ma'ana akwai, ko da ba da kai ake ba. Kalmar "wannabe" a bakin Turawa tana nufin mai burin zama abin da bai kai ba, kuma saurayi ake wa gugar zana: in yana son shiga, sai ya yi daidai da ƙawayenta tukuna, don su sun riga shi kuma za su daɗe bayansa. Waƙoƙin da ake sayar wa ƙananan 'yan mata kafin nan kusan duk namiji ne ke rera musu alƙawari, su kuma aikinsu ihu. Wannan ta ce musu ƙawar da ke gefenki ita ce babba. Mu ba mu ji komai a ciki ba don ba mu aka aika wa saƙon ba. Waɗanda aka aika wa sun ji, na kuwa ƙirga tsabobinsu.

Batun fasaha kuma, akwai wata iri da ni ma na raina sai daga baya. A 2014 masu bincike na Jami'ar Amsterdam tare da gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester suka yi gwaji da wani wasan intanet, mutum wajen 12,000 suka shiga, ana sa musu guntayen shahararrun waƙoƙi a ga wadda za su fi saurin ganewa. "Wannabe" ce ta zo ta ɗaya, cikin daƙiƙa 2.29 a matsakaici, "Mambo No. 5" ta Lou Bega na bin ta. Ka tambayi ɗan sutudiyon da ya rubuto a sama ko abu ne mai sauƙi a sa mutum ya gane waƙarka kafin ya ja numfashi biyu.

Ni dai har yau ba na kunna ta da hannuna. Sau ashirin a yini na sha ta a kantin nan tsawon wancan bazara, manaja ya mayar da faifan Barlow ƙasa-ƙasa inda nasu yake da, ya kuma ɗora mini aikin cika kantar 'yan matan duk safiyar Asabar, wai tunda ni na ce mako biyu za a manta da su.